Kafin Ka Sa Hannu a Cikin Injin

Ran 16 ga Mayu, 1998, a birnin Leicester na Ingila, wani ƙarfe ya karye a cikin tanderun wani babban kamfanin burodi mai suna Harvestime. Tsawon tanderun ya haura mita 20, burodi yana shiga ta wannan bakin a kan bel, ya fita ta wancan a gashe. Ƙa'ida ita ce a bar shi ya huce na awa 12, a kwance faifayen gefe, sannan a yi gyara. Amma awa biyu kacal da kashe shi aka tura ma'aikata biyu, suka hau bel ɗin nan da ke ɗaukar burodi, ya shige da su.

A bakin tanderun zafin ya sauka. Can tsakiya kuwa yana wajen digiri 100, zafin da ruwa ke tafasa. Bel ɗin ba ya komawa baya. Suna ta kira ta rediyon hannu cewa zafi ya yi yawa, babu ta inda za a ciro su. Dukansu biyu suka rasu. A 2001 kotu ta ci kamfanin da shugabanninsa tara, an kuma ji dalilin gaggawar a gaban alƙali: kowace awa da tanderun ya yi a kashe, kamfanin na asarar sama da fam 1,000.

Lokacin wanki da gyara shi ne lokacin da ake cire duk abin da ke kare mutum daga inji. A ɗaga murfi, a kwance ragar da ta rufe haƙoran ƙarfe, domin kitse da ƙullun da suka maƙale ba sa fita sai an kai hannu. Ga ƙasa ta jiƙe da ruwa da sabulu, ga dare, don galibi sai an tashi aiki masu wanki ke shiga, ga gajiya. Sau da yawa wanda ke wankin ba shi ne mai tuƙa injin ba, bai ma san inda makunninsa yake ba.

Injin da aka kashe kuma bai mutu ba. Wuƙa tana ci gaba da juyawa bayan an danna maɓalli. Iska ko tururi yana nan danne a cikin bututu. Sannan ga abokin aikinka da bai gan ka ba. A Oktoban 2012, a masana'antar kifin gwangwani ta Bumble Bee a jihar California ta Amurka, wani dattijo mai shekara 62 ya shiga cikin tukunyar turara gwangwanaye. Abokan aikinsa suka ɗauka ya zagaya bayan gida, suka tura kifi sama da tan 5, suka rufe ƙofa, suka kunna. A 2015 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 6.

Maganin da ya hana irin wannan ba ya da tsada: kwaɗo ne. Tun 1989 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta mayar da shi doka. Ka kashe injin, ka je babban makunnin da ke ba shi wuta ka sauke, ka garƙame shi da kwaɗonka, ka rataya takarda mai sunanka, makulli yana aljihunka. In ku huɗu ne, kwaɗo huɗu. Ka sauke tururi, ka jira ƙarfe ya huce, wuƙa ta tsaya cak. Daga nan ka danna maɓallin kunnawa ka gani da idonka cewa bai motsa ba. Wannan gwajin na ƙarshe mutane kan tsallake shi, kuma wallahi shi ne ke nuna maka ko makunnin da ka kulle na injin maƙwabci ne.

Mu nan muna da ƙarin tarko. An ɗauke wuta a gidan burodi, injin kwaɓa fulawa ya tsaya, yaro ya ce bari ya kankare ƙullun kafin a kawo. Ya sunkuya, hannu har gwiwa a ciki, makunni yana nan a kunne. Wutar da za ta dawo ba ta sallama, wanda ya tayar da janareta a bayan gida ma bai san hannun wa ke ciki ba. Haka bel ɗin injin niƙa da na markaɗe yake fizgar hannun riga ko gefen mayafi.

Don haka, maigida, in an ɗauke wuta, a fara sauke makunni ko a zare waya daga soket, sannan a ɗauko abin kankara. Kai kuma ɗan'uwa, in an ce yi sauri, a nuna maka inda za ka rataya kwaɗonka tukuna.