Ƙawar Tauraruwa: Aikin Ƙananan Taurari a Littafin Soyayya

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan'uwa marubuta, yau ba kan saurayi da budurwa za mu tsaya ba. Za mu duba mutanen da ke gefensu, waɗanda manazarta ke kira ƙananan taurari: ƙawa, aboki mai rakiya zance, kaka, gwaggo, har da yaron da ake aika ya ce "wai ana sallama da wance".

Mu fara da kunya, domin ita ce ta sa labarin soyayyar Bahaushe ba ya tsayawa da mutum biyu. Yarinyar da ta tashi a cikin birnin Kano, a ce Yakasai ko Mandawari, ba za ta dubi mahaifinta ta ce ga wanda take so ba. In 'yar fari ce, uwar ma ba ta kama sunanta, balle su zauna su yi wannan magana. To, ta ina mai karatu zai san abin da ke ranta? Ta bakin ƙawa, da daddare, bayan an shimfiɗa tabarma. Ta ina maganar za ta kai ga manya? Ta wurin kaka, saboda wasan da ke tsakaninta da jika ya ba ta damar faɗin abin da kowa ke jin nauyinsa. Ranar ɗaurin aure kuma sau da yawa baffa ne waliyyi. Marubucin da bai gabatar da baffan nan tun farko ba, sai ya tsinci kansa yana ƙirƙiro shi a babin ƙarshe, mai karatu kuwa yana gani.

Ku dubi Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a shekarun 1930. Abubakar da Zainab ne masoyan. Amma Malam Shehu ne ya juya labarin, attajiri mai dukiya wanda ba shi da ɗa. Ba don mugunta kawai ya nemi Zainab ba, haihuwa yake nema ido rufe. Wannan buƙatar tasa ce ta sa ba za ka iya tsanarsa kai tsaye ba, kuma ita ce ta kai ga haihuwar Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa masa, wanda fansar Abubakar ta faɗa a kansa.

Nan ne yawancin sababbin marubuta ke tuntuɓe. Sai a kawo ƙawa wadda ba ta da aiki sai "to, sai me ya ce?" da "Allah sarki". Wannan kunne ce kawai aka ɗora wa suna. Gyaran ba wuya. Kafin ka rubuta ta, amsa tambaya uku a takarda daban: me take so wa kanta, me za ta rasa idan auren nan ya yiwu, wane sirri ta sani wanda tauraruwa ba ta sani ba? Ƙawar da yayanta ke son yarinyar a ɓoye, shawararta ba za ta fito tsab ba, kuma mai karatu zai riƙa auna duk kalmar da ta furta.

Sai harshe. Kaka ba ta magana kamar 'yar jami'a. Ka ba ta karin magana da zolaya, ta kira saurayin "mijina". Aboki ya yi gajerun jimloli na 'yan majalisa. Ka rufe sunayen da yatsa ka karanta hirar da ƙarfi. In ba ka gane mai magana ba, sake rubutawa.

Yawa ma matsala ne. A littafi mai shafi ɗari, uku ko huɗu sun isa. Na san masu rubutu a WhatsApp da Wattpad za su ce masu karatu na son dangi da yawa, amma ƙawaye shida masu murya ɗaya ƙawa ɗaya ce aka yanka gida shida. Haɗe su.

Gwaji na ƙarshe: ɗauki biro ka soke duk wurin da ƙawar ta fito. Idan wasiƙa ta isa, an kai lefe, an sa rana ba tare da wani abu ya karye ba, to ko dai ka cire ta gaba ɗaya, ko ka koma babi na biyu ka damƙa mata wasiƙar, ka kuma ba ta dalilin da zai sa ta ƙi kaiwa.