Hutun Dubai da Li'azarun da ke bakin ƙofa

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Kristi. Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayenmu na Zumuntar Mata, na gode da kuka ba ni wannan lokaci.

Tambayar da aka miƙo mini a takarda gajeriya ce: "Malam, zunubi ne Kirista ya kwashi iyalinsa su tafi hutu Dubai ko Landan, ga kuma halin da ƙasa take ciki?" Na san mai tambayar i ko a'a yake so. A yi haƙuri da ni, sai mun ɗan zagaya tukuna.

Hutu dai ba Bature ne ya kawo shi ba. Allah ne ya fara hutawa a rana ta bakwai. A Markus 6:31, da almajirai suka dawo a gajiye, ko sukunin cin abinci ba su samu ba, Yesu da kansa ya ce su zo su keɓe su ɗan huta. Ni ma na taɓa kai yarana Yankari, suka yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, har yau suna zancensa, kuma ban taɓa ganin na yi laifi ba.

Amma ku buɗe Maimaitawar Shari'a 5:14. Da Allah ya ba da dokar Asabar, bai tsaya kan maigida ba. Ya ambaci ɗansa da 'yarsa, bawansa da baiwarsa, sansa da jakinsa, har baƙon da ya sauka a garin. Ya kuma faɗi dalili: domin barorinka su huta kamar yadda kai kake hutawa. To a nan nake so mu zauna. Lokacin da kake otal a Dubai mako biyu, mai gadinka fa? Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana yi wa madam wanke-wanke, yaushe rabonta da ganin uwarta? Direbanka ya taɓa samun kwana uku a jere nasa na kansa?

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne a Najeriya ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 63 cikin ɗari ke nan. Wannan tun kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma kun fi ni sanin nawa ake ba masu gadi da 'yan aiki a gidajenmu.

Annabi Amos ya yi wa'azi a zamanin Yerobowam na biyu, lokacin da Samariya ke cikin daula. A sura ta 6 ya kwatanta manyan gari: suna kwance a gadajen hauren giwa, suna cin 'yan raguna, suna shan ruwan inabi a manyan kwanuka, suna shafa mai mafi tsada. Laifin da ya ɗora musu yana ƙarshen aya ta 6, wato lalacewar Yusufu, ma'ana jama'ar Isra'ila, ba ta dame su ba. Ƙasa tana rushewa, su ko a jikinsu.

Labarin mai arziki da Li'azaru matalauci a Luka 16 kuwa ya fi hana ni barci. Yesu bai ce mai arzikin nan ɓarawo ne ba, bai ce ya kori Li'azaru ba. Ya bar shi ma yana kwance a ƙofar gidansa. Amma ku lura da wani abu: da ya mutu yana shan azaba, sai ya ce wa Ibrahim ya aiko Li'azaru ya sanyaya masa harshe. Da sunansa ya kira shi! Ashe ya san shi. Kullum yana tsallake shi a bakin ƙofa, ya san sunansa, ya san miyakunsa, karnuka ne kaɗai suka kula da su. 'Yan'uwa, ba wanda aka ɗora wa mutum miliyan 133. Amma kowannenmu yana da mutum uku ko huɗu da ya sani da suna.

Wani zai ce, ai Yesu ya ce kullum muna tare da matalauta. Gaskiya ne, ya faɗa a Betanya, ranar da mace ta zuba masa turaren da ya haura dinari 300, kusan ladan lebura na shekara guda. Wannan ya nuna ba kowane kashe kuɗi mai yawa ne ɓarna ba. Sai dai ita a kan Ubangiji ta zuba nata. Maganar Yesu game da matalauta kuma daga Maimaitawar Shari'a 15:11 ta fito, inda aka ce tun da matalauta ba za su ƙare a ƙasar ba, sai ka buɗe hannunka ga ɗan'uwanka. Kada mu ɗauki rabin aya mu yi matashin kai da ita.

Ziyarar Isra'ila ma ban cire ta ba. Wanda ya je Urushalima sau uku, ya tambayi zuciyarsa ko ta huɗun ibada ce ko yawon shaƙatawa. Haka hotunan da muke zubawa a Facebook, ga teku ga faranti cike da nama: gwauruwar da ke zama kusa da ke a sujada, wadda aka koro wa ɗa saboda kuɗin makaranta, ita ma tana gani.

Wani ɗan'uwa ya taɓa zuwa wurina da irin wannan tambaya, har ya riga ya yanki tikiti. Na ce masa, akwai wanda yake bin ka haƙƙinsa? Ya yi shiru, sannan ya ce mai gadinsa na bin sa wata biyu. Muka karanta Yakubu 5:4 tare, inda aka ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Ban ce ya fasa tafiya ba. Ya biya mutumin a ranar, ya ba shi kuɗin mota da mako biyu ya je ya ga iyalinsa a ƙauye, sannan shi ma ya tafi da nasa iyalin.

Na ga Mama ta ɗaga hannu tun ɗazu. A miƙa mata makirufo.