Rigimar Turai da Amurka da abin da ta shafe mu: jawabi a taron Hausawa mazauna Jamus

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, dattawanmu, malamai, iyayenmu mata, da ku samari da ke can baya kuna latsa waya, barkanmu da haɗuwa. Waɗanda suka taso daga Hamburg da Kolon da Berlin, sannunku da hanya, Allah ya ba da ladan zumunci.

Kwamiti ya ɗora mini yin bayani kan takun-saƙar da ake yi tsakanin Turai da Amurka. Na san akwai mai cewa ina ruwanmu, mu da neman halaliya ya kawo? To, rigimar nan ta taɓa albashinmu, ta kuma shiga wayar da ke aljihun kowannenmu.

A 2024 babu ƙasar da Jamus ta yi ciniki da ita kamar Amurka, har ta sha gaban Sin. Motoci, injuna, magunguna, can ake kai su. A da, motar da ta tashi daga nan ta shiga Amurka kashi 2.5 cikin ɗari ake biya mata na kuɗin fito. A 2025 Shugaba Trump ya cilla shi zuwa 27.5. Ranar 27 ga Yulin shekarar, Ursula von der Leyen, shugabar Hukumar Tarayyar Turai, ta same shi a filin wasan golf ɗinsa na Turnberry a Scotland, aka daidaita a kan kashi 15 ga yawancin kaya, Turai kuma ta ce za ta sayi makamashin Amurka na dala biliyan 750. Firayim ministan Faransa na lokacin, François Bayrou, baƙar rana ya kira ranar. A ganina ba don daɗi Turai ta yarda ba. Yaƙin Yukiren yana bakin ƙofarta, tsaronta kuma ya dogara da makaman Amurka, wanda yake neman kariyarka kuwa ba ya ɗaga maka murya a ciniki.

Ku lissafa: 15 ya ninka 2.5 sau shida. Kamfani irin Porsche ba shi da masana'antar ƙera mota a Amurka, duk wadda ya sayar can sai ta biya. In ciniki ya ja baya, ba manyan injiniyoyi ake fara sallama ba, 'yan Leihfirma ne, wato ma'aikatan da kamfanin bayar da hayar ma'aikata ya turo, kuma mun san da yawanmu ta nan muke aiki. Wanda takardar zamansa ke rataye da aiki, ya nemi horon sana'a tun yanzu, kada ya jira wasiƙar sallama.

Sai maganar waya, wadda ta fi tsawo. A 2013 Edward Snowden ya tona yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke kwasar bayanan jama'a daga manyan kamfanonin intanet. Wani ɗalibin shari'a ɗan Ostiriya, Max Schrems, ya ce shi bai yarda Facebook ya kwashi bayanansa ya kai Amurka ba. Mutum ɗaya fa. Shari'arsa ta kai kotun ƙoli ta Tarayyar Turai, wadda a 2015 ta rushe yarjejeniyar musayar bayanai tsakanin ɓangarorin biyu. Aka ƙulla wata, ya koma, a 2020 ita ma kotu ta yi fatali da ita. Ta uku ce aka amince da ita a 2023. A tsakani dokar kare bayanai, wadda muke gani a takardu da sunan DSGVO, ta fara aiki a Mayun 2018, kuma da ita aka ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, yuro biliyan 1.2 a 2023. A Afrilun 2025, ƙarƙashin wata dokar ta hana danniya a kasuwar intanet, Apple ya sha tarar yuro miliyan 500, Meta miliyan 200. A Satumba aka ɗora wa Google biliyan 2.95, Trump ya yi barazanar ramawa da haraji.

Gwamnatin Amurka tana ganin tarar nan haraji ne a fakaice kan kamfanoninta, mataimakin shugaban ƙasa JD Vance kuma ya tsaya a Munich a Fabrairun 2025 ya zargi Turai da toshe bakin jama'a. Turawan nan suna cewa duk wanda ya kasa kaya a kasuwarsu dole ya bi dokarsu. Na fi karkata ga Turai, amma kada mu yaudari kanmu: doka take da ita, kamfanonin na Amurka ne. Ko wannan taro ta WhatsApp aka kira mu. Gida ma an bi sahu: Najeriya ta yi tata dokar kare bayanai a 2023, a 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci tarar Meta dala miliyan 220.

Dattawa, a yi mini afuwa, yanzu zan taɓa mu. Dokar DSGVO da ta kama Meta ta hau kan ƙungiya mai rajista irin tamu. Amma duk sanda aka yi rasuwa ana haɗa kuɗin kai gawa gida, sai ka ga hoton fasfo, takardar zama, lambar asusun banki, duk an watsa a zauren WhatsApp. Daga nan wa ya san inda za a tura su? Haka bidiyon suna da na biki, da fuskokin yaran mutane, a TikTok ba tare da an tambayi iyayensu ba.

Don haka ina gabatar wa taro shawara. Takardun mamba su tsaya a hannun sakatare da ma'aji kaɗai, da izininsa a rubuce, a goge su in buƙata ta ƙare. Wanda ya nemi sanin abin da ƙungiya ke riƙe da shi a kansa, doka ta ba mu wata guda mu amsa masa. Mai girma shugaba, ina roƙon a kaɗa ƙuri'a kan wannan bayan sallar la'asar, kafin mutanen nesa su tafi kama jirgin ƙasa.

Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.