Nawa Ake Kashewa a Yini? Lissafin Ratsa Amurka a Kan Babur

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kallo, musamman mutanen Jos da suka cika ni da tambaya guda tun da na fara saka hotunan wannan tafiya: nawa nake kashewa a kowane yini, kuma nawa mutum zai tanada idan yana son ya ratsa Amurka a kan babur daga gabar gabas zuwa ta yamma? Ina yi muku magana daga garin Green River a jihar Utah, kuma zan yi lissafin a gabanku domin kowa ya iya sauya alƙaluman da nasa.

Yawancin masu tambayar suna farawa ne da mai, kuma na san dalili, domin tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 duk wanda zai tashi daga Jos zuwa Abuja kuɗin mai yake fara lissafawa. A nan kuwa mai ba shi ne babban abin da ke cin aljihu ba. Ana sayar da shi ne da galan, kuma galan ɗin Amurka lita 3.785 ne. A ce babur ɗinka yana shan lita 5 a kowace kilomita 100, kana kuma yin kilomita 400 a yini; ka sha lita 20 ke nan, wato galan biyar da ɗan ɗoriya. Idan galan yana dala uku da rabi, ka kashe ƙasa da dala 20. Farashin yana sauyawa daga jiha zuwa jiha saboda kowace tana da nata haraji a kan na tarayya, wanda yake santi 18.4 a galan tun 1993. A Texas da Oklahoma mai yana da sauƙi, a Kalifoniya kuwa tsadarsa ta fi ta kusan ko'ina. Ko da galan ya kai dala 5, man yininka bai wuce dala 27 ba.

Akwai wani abu a gidajen mai da ya kamata mai zuwa da katin banki na waje ya sani. Babu ma'aikacin da zai zuba maka a yawancin wurare. Kai za ka saka katinka a jikin famfon, shi kuma sau da yawa sai ya nemi lambar yankin gidan waya ta adireshin da aka yi rajistar katin da shi. Katin da ba na nan ba yakan gaza a wannan gaɓar, sai ka shiga cikin kanti ka biya kafin ka zuba. Ko katin ya yi aiki, bankin yana iya riƙe kuɗi mai yawa, wani lokaci fiye da dala 100, har zuwa lokacin da za a tantance ainihin abin da ka saya. Kuɗin zai dawo, amma mai ɗan abin da ya rage a asusu yana iya isa masauki da dare ya tarar katinsa ya ƙi biya.

Wurin kwana shi ne ke cinye kuɗin tafiya, kuma a nan nake son mu daɗe. Ga rasidin ɗakin da na kwana jiya, ku duba da kyau: farashin da aka rubuta a allon bakin titi daban, abin da aka cire daga katina daban, domin a ƙasa an ƙara harajin jiha da harajin masauki. Haka al'adar take a nan, ba a haɗa haraji a cikin farashin da ake nunawa, sai an zo biya. A ƙananan masaukai na bakin hanya, waɗanda kake ajiye babur a ƙofar ɗakinka, ni dala 90 nake warewa a kowane dare, kuma wannan na tsakiyar mako ne a ƙaramin gari. Daren Juma'a da na Asabar sun fi tsada, haka ma duk garin da ke kusa da wani babban gandun shaƙatawa a lokacin zafi. Wanda hanyarsa ta bi ta Dakota ta Kudu a farkon watan Agusta, lokacin taron masu babura na Sturgis da ke tara dubban ɗaruruwan mutane, to ya manta da wannan lissafin gaba ɗaya, domin ɗakuna a duk yankin suna ƙarewa tun kafin lokacin.

Maganin wannan shi ne tanti. A filayen kwana na gwamnati ina ware dala 25, a jihohin yamma kuma akwai filaye masu faɗi a hannun hukumar kula da filaye ta tarayya inda aka yarda mutum ya kafa tanti kyauta har kwana 14, sai dai babu ruwa, babu banɗaki, babu wuta. Idan ka kwana biyu a tanti na kuɗi, na ukun a ɗaki domin wanka mai kyau da cajin kayan ɗaukar hoto, matsakaicin kuɗin kwananka ya sauko daga dala 90 zuwa ƙasa da 50. Amma kada tantin da jakar barcin su zama na wasa. A tsaunukan Colorado, inda hanya take haura mita 3,000, sanyin dare ko a tsakiyar lokacin zafi yana iya fin na Jos a watan Disamba.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani. Mai zama a gidan abinci sau uku a yini zai biya haraji, ya kuma ba da tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, wanda a nan kusan wajibi ne. Ga Musulmi ma akwai wani dalilin na shiga babban kanti irin Walmart: a ƙananan garuruwa da wuya a sami naman yanka, karin kumallon da masaukai ke bayarwa kyauta kuma sau da yawa da naman alade a ciki. Burodi, ƙwai, kifin gwangwani, dabino, ayaba da shayi, tare da cin abinci mai zafi sau ɗaya, dala 30 ta ishe ni.

Kuɗin da nake ganin kowa yana mantawa shi ne wanda babur yake ci ba tare da ka ciro kati ba. Ku dubi wannan tayar baya: tsakiyarta ta fara shafewa ta zama shimfiɗaɗɗiya, gefunan kuwa kamar sababbi, domin manyan hanyoyin nan miƙaƙƙu ne, ga nauyin kaya, ga zafin kwalta. A ce tayoyi biyu tare da kuɗin sakawa dala 400 ne, su kuma yi maka kilomita 10,000. Kowace kilomita ta ci santi 4, wato dala 16 a yinin kilomita 400. Ka ƙara baƙin mai, da sarƙa, da birki, za ka ga ya kai dala 20, daidai da kuɗin fetur. Saboda haka nake cewa duk abin da ka lissafa na mai, ka ninka shi biyu. Kuma a nan babu mai faci a bakin titi, babu makanikin da za ku yi ciniki. Da awa ake biyan aikin hannu, kuma a shagunan dillalan babura awa guda takan haura dala 100. Wanda ya iya canza baƙin mai da ɗaure sarƙa da toshe hujin taya da kansa ya rage wa kansa kuɗi mai yawa, kuma tun a gida ake koyon wannan, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan muka haɗa, da dala 10 ta ƙananan abubuwa kamar wanki, katin waya da harajin wasu hanyoyin gabas, mai kwana a ɗaki kullum yana kan dala 170 a yini, mai haɗawa da tanti kuma wajen dala 125 zuwa 130. Wani yayana da ke sayar da kayan babura a Jos ya ce mini to ai sai a riƙa tafiya kaɗan-kaɗan domin a rage kashe kuɗi. Yaya, lissafin bai yarda da haka ba. Daga Niyok zuwa San Francisco kai tsaye kimanin kilomita 4,700 ne, amma mai yawon buɗe ido zai ratse nan da can, a ce ya yi 7,000. A kan kilomita 400 a yini kwana 18 ne. A kan 250 kuwa kwana 28. Man da tayar da za a ci duka ɗaya ne, sai dai an ƙara kwana goma na ɗaki da abinci, wato dala 1,200. Kuɗin yini ya ragu a takarda, kuɗin tafiyar kuma ya ƙaru. Ranar hutu ma haka take: babur yana tsaye, amma gado da ciki suna nan suna karɓar nasu.

Ban saka kuɗin jirgi, biza, inshorar babur da ta lafiya, da kuɗin babur ɗin kansa a cikin wannan ba, domin sau ɗaya ake biyansu, kuma sun danganta da ko haya za ka yi ko saye. Mai haya ya tambayi kuɗin da ake ƙarawa idan an karɓi babur a wani gari aka mayar a wani. Inshorar lafiya kuwa ban yarda a tsallake ta ba, domin karaya guda a asibitin Amurka tana iya fin kuɗin tafiyar duka. A kan jimillar da ka samu, ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar na ko-ta-kwana.

Ga masu cewa in faɗi komai da naira, na ƙi ne da gangan. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a watan Fabrairun 2024 kuma ta haura 1,500, don haka duk adadin nairar da na faɗa yau yana iya zama ƙarya kafin ku gama tara kuɗin. Ku yi lissafin da dala, ku buga da farashin ranar da za ku saya. Gobe da safe zan cika tanki da gorunan ruwa kafin in hau hanya mai lamba 70 zuwa Salina, domin tsakanin nan da can akwai fiye da kilomita 160 babu gidan mai ko ɗaya. Sai mun haɗu a can, in Allah ya yarda.