Filin Wasanni a Ƙaramin Gari: Ta Ina Ake Farawa, Wa Zai Biya?

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan fili. Bayan la'asar ne a wani gari na ƙasar Daura. Sanduna biyu a kafe nan, biyu a can, ƙura na tashi, matasa sun fi talatin a kan ƙwallo ɗaya. Da wuya ka samu gari a Jihar Katsina da ba shi da irinsa. Mun kuma san yadda yawancinsu ke ƙarewa: a wayi gari a ga tifa ta sauke yashi a tsakiyar fili, a ce ai an yanka fulotai.

To, a ce mutanen gari sun tashi suna son wurin wasanni na dindindin, nasu na kansu. Ta ina za su fara?

Da an ce filin wasa, hankalin mutane sai ya tafi filin Muhammadu Dikko na birnin Katsina, wanda a da ake ce wa Karkanda, inda Katsina United ke buga wasanninta. Wancan aikin gwamnatin jiha ne, an yi shi don dubban 'yan kallo. Ƙaramin gari kuwa, iya kuɗinka iya shagalinka.

Mu fara auna ƙasa. Cikakken filin ƙwallon ƙafa mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato ya ɗan haura murabba'in mita 7,000. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne da 15, na ƙwallon raga 18 da 9. Ka ƙara fagen dambe da kokawa, banɗaki, wurin alwala da salla, da inda za a ajiye babura. A lissafina hekta biyu za ta ɗauke su ba matsi. In ana son hanyar tsere ta mita 400 ta zagaye filin, to a nemi uku.

Amma tun kafin a kira mai awo, takarda. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A cikin birni shi ke ba da takardar mallaka, a karkara ƙaramar hukuma na da ikon bayarwa. Don haka amincewar dagaci da hakimi dole ce, ba abin da zai tafi in babu ita, sai dai ita kaɗai ba ta tare mai tifa.

Kuma sunan wa za a sa a takardar? Nan ake yawan yin kuskure. Sai a ce Alhaji mutumin kirki ne, shi ya ba da gonar, a bar ta da sunansa. Allah ya ja kwanan Alhaji, amma ranar da ya rasu filin ya shiga lissafin gado, kuma ba lallai magada su ga abin yadda ya gan shi ba. In wakafi ya yi, a rubuta, a sa shaidu, 'ya'yansa su sani tun yana raye. Sannan ƙungiyar ci gaban gari ta yi rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da amintattunta, takarda ta fito da sunan ƙungiya.

Wajen tsara filin, abu biyu kyauta ne, amma in an kuskure su gyara sai da kuɗi. A sa raga ɗaya arewa, ɗaya kudu. Mu da yamma muke wasa, in raga ta kalli yamma rana za ta riƙa dukan idon mai tsaron gida har magariba. Sannan kada a zaɓi fili da rani. A je a gan shi a watan Agusta, bayan an sha ruwan sama, a ga inda ruwa ke kwanciya.

Sai maganar ciyawa, wadda kowa ke so saboda abin da muke gani a talabijin. Daminarmu daga Yuni ne zuwa Satumba. Sauran watannin, koren fili na nufin rijiyar burtsatse, tanki, sola, da mutumin da zai riƙa ban ruwa kullum, ga katangar da za ta hana awaki su mai da shi makiyaya. Ciyawar roba kuma tsada gare ta, bayan shekara takwas zuwa goma sai an sake ta, kuma a zafin Afrilu tana ɗaukar rana har ta gagari ƙafa. Ni dai da za a tambaye ni, a sa gireda ta daidaita ƙasa, a tsince tsakuwa, a shuka darbejiya a kewaye. 'Yan wasa nawa ne suka tashi a filin ƙasa?

Yanzu kuɗi. Iri biyu ne, kuma mutane ɗaya kawai suke lissafawa. Akwai kuɗin gini, wanda sau ɗaya ake nemansa. Akwai kuɗin riƙon wuri, wanda kowane wata sai ya zo.

Na gini ƙofofinsa sanannu ne. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko ma ta wace hanya kuɗin ya iso, abin da ba ya cikin kasafin kuɗi alkawari ne kawai, sai kwamiti ya bi takardarsa tun kafin a rufe kasafin shekara. Shi kuma ɗan majalisa, in za a nemi aikin mazaɓa, kada a ce masa Ranka ya daɗe a gina mana filin wasa. A yanka masa abin da zai fara ya gama: katanga, ko burtsatse. Aikin da aka bari rabi in zaɓe ya wuce, kango ya zama.

Ga kuma gidauniya. Lokacinta shi ne Sallah, sa'ad da 'yan gari na Kano da Kaduna da Abuja da Legas suka dawo gida. Sai dai abin da aka faɗa a lasifika daban, abin da ya shiga asusu daban. Kada a ba ɗan kwangila aiki da kuɗin lasifika. Wanda ba shi da naira kuma yana da ƙarfi: buga bulo, haƙar harsashi, ɗiban ruwa, duk aikin gayya ne.

Kuɗin riƙo fa? Albashin mai gadi, raga in ta yage, fenti, batirin sola, famfon da ya lalace. Ba mai ƙaddamar da gidauniya don sayen ƙwan fitila, don haka dole wurin ya ciyar da kansa. A jera shaguna a jikin katanga, ƙofofinsu na kallon titi, a ba da haya. A ware ɗaki ɗaya ya zama gidan kallon ƙwallo. Da kaka a sa dambe da kokawa a karɓi kuɗin ƙofa, haka ma ranar wasan ƙarshe na gasar unguwanni. Asusun kuma mutum uku za su sa hannu, a riƙa manna lissafi a bakin ƙofa duk wata. Da zarar an fara cewa ina kuɗin ƙofa suka shiga, gudummawa ta tsaya.

Kada a manta da ɗalibai mata. In akwai katanga, da rana da sa'ar da aka keɓe musu tare da malamansu mata, iyaye za su fi sakin jiki, makarantun gari ma su samu inda za su kai yara motsa jiki.

Kun lura har yanzu ban ambaci rumfar manyan baƙi ba. A zanen da masu kwangila ke kawowa ita ce a shafin farko, da kujerunta masu launi. Ta jira tukuna, sai shaguna sun fara kawo haya. Ranar buɗewa a ɗauko rumfar haya da kujerun roba, hakimi zai zauna, shugaban ƙaramar hukuma zai zauna, a busa usur a take leda.