Na tsinci Robert Stack a shagon gwanjo, dala uku-uku

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar ruwan nan a kan rufin mota. Garin Fotland na Amurka ke nan, wanda ya ce sai ruwa ya ɗauke zai yi magana, to ya yi shiru har watan Yuni.

Ku ga abin da ke hannuna. Wallahi jaket na shiga nema wa yaro a shagon gwanjo, ina waiwayawa sai ga wannan fuskar tana kallona daga kan kanta, tsakanin tsofaffin kofuna da wata fitila mara kai. Robert Stack! Kwalaye uku na faifan Unsolved Mysteries, kowanne dala uku. Jaket ɗin ma na manta da ita, sai da na zo mota na tuna, kuma na san abin da zan tarar wurin maman yara.

Wanda bai san shirin ba, bari in ba shi a gurguje. Tsohon shirin talabijin ne na Amurka, ya faro a 1987 a tashar NBC, daga 1988 ya zama na mako-mako, ya koma CBS, daga baya Lifetime, har zuwa 2002. Abin da suke yi, su ɗauko kisan da aka rasa wanda ya yi, ko mutumin da ya fita bai dawo ba, ko gidan da ake cewa akwai fatalwa, su sa 'yan wasa su maimaita yadda abin ya faru. Sannan dattijon nan Robert Stack, mai gabatar da shirin, ya fito cikin doguwar kwat, a wani lungu mai hazo, ya ce wataƙila kai mai kallo kai ne ka san wani abu, ga lambar waya. Muryarsa kaɗai ta isa ta hana ka fita fitsari da dare. Kiɗan buɗe shirin kuwa, ni da gemuna, har yau in ya tashi sai na duba ko na sa sakata.

Lokacin da na zo ƙasar nan ina gadin dare, da shi na gyara Turancina. Mutumin ba ya sauri, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta wasiyya. Shi ya sa yau in na yi magana da Bature sai ya ce a ina na koya. Ba yabon kai ba.

To amma ga abin da ya ɓata min rai, don tun a mota na farke kwalayen. Na ɗauka zan samu shirin ne daga farko, shekara bayan shekara. Ashe ba haka kamfanin First Look ya yi ba da ya fitar da su a 2004 da 2005, bayan rasuwar Stack a 2003. Tsince-tsince suka yi, suka kasa shi kashi shida kamar tumatir a kasuwar 'Yankaba: na fatalwa daban, na kisan ban al'ajabi daban, na faranti mai tashi da halittun sama daban, na mu'ujizoji, na masu duba, na tatsuniyoyi. Kowane kwali faifai huɗu. Nawa ukun su ne fatalwa, kisa, da masu duba. Masu duba fa! Na baro su a gida da ƙasarsu da wurinsu, na zo Amurka na saye su da dalata.

Ni kuwa abin da ya sa na ƙaunaci shirin ba aljanu ba ne. Labarin aljanu, ai kakata ta fi su iyawa, ba kyamara ba kiɗa, fitilar ƙwai kawai, ka kwana maƙale da zanenta. Abin da ke kama ni cigiya ce. Wata tsohuwa ta fito ta ce an raba ta da ƙaninta tun suna yara a gidan marayu, shekara arba'in ba labari. Bayan 'yan makonni sai Stack ya dawo ya ce ga ƙarin bayani, wani ya gani ya bugo waya, sai ka ga tsofaffi biyu rungume a filin jirgi suna kuka. Ko ɓarawon da ya canza suna ya koma wata jiha, abokin aikinsa ya gane shi a talabijin. Wannan ai shi ne sanarwar cigiya ta rediyo da muka tashi da ita, an ɓatar da yaro ɗan shekara biyar sanye da riga shuɗiya, wanda ya gani ya kai gidan mai unguwa. Bambancin kawai su sun sa mata kiɗa da hazo. Kuma ita ce ba a ware mata kwali ko ɗaya ba cikin shidan, saboda fatalwa ta fi ciniki.

Af, na tuna. Kun san filin jirgin garin nan da nake kai fasinja kullum? Daga nan jirgin da wani ɗan fashi da ake kira D.B. Cooper ya yi garkuwa da shi ya tashi, ranar 24 ga Nuwamba 1971. Mutumin ya karɓi fansar dala dubu 200 a Siyatil, jirgi ya sake tashi, ya buɗe matakalar baya ya yi tsalle da lema cikin dare, shi ke nan. A 1980 wani yaro ya tono kusan dala 5,800 na kuɗin a bakin kogin Kolombiya, nan kusa da mu. FBI ta gaji ta ajiye binciken a 2016. Shirin ya yi labarinsa. Duk sanda na hau gadar kogin nan sai na leƙa ƙasa, ko Allah zai sa rabona na nan.

Wani zai ce Malam, me ya kai ka sayen faifai, ai tun 2017 kamfanin FilmRise ya zuba tsofaffin shirye-shiryen a intanet, ga su nan kyauta a YouTube, Netflix ma ta farfaɗo da shi a 2020. Na sani. Na Netflix ɗin ba mai gabatarwa, inuwar Stack kawai ake nunawa a farko, ni dai miya ce ba gishiri. Na intanet kuwa yau yana nan, gobe ka nema ka rasa, ga talla tana katse ka daidai inda za a buɗe ƙofa. Mu da muka taso muna zuwa Ƙofar Wambai sayen kaset, mai shago ya saka maka a bidiyo ka gani kafin ka biya, hankalinmu ba ya kwanciya sai abu yana cikin durowa.

Maganar gwadawa kafin biya ta kawo ni kan gargaɗi. Don Allah in za ka sayi faifan gwanjo a ƙasar nan, buɗe kwalin a gaban mai kanti ka ƙirga. Na kisan nan faifai uku na tarar, na huɗun babu, gurbinsa kawai. Na koma, yarinyar ta nuna min takarda a bango, wai abin da ka saya ka saya. Na biyu, faifan Amurka lambar yanki 1 ne da shi, Najeriya tana yanki na 5, don haka kafin ka aika wa ɗan'uwa tsaraba, tambaye shi ko na'urarsa irin mai cin kowane faifai ce. Na uku, yawancin kwamfutocin yanzu ba su da bakin faifai. Tawa ma babu. Sai da na ƙara dala takwas na ɗauki tsohuwar na'ura a shagon, ba rimot, wato faifan dala tara sun ja min sha bakwai, ga jaket ba a saya ba.

Akwai babban akwatin da suka haɗa duka a 2006, faifai 25. Wanda ya ci karo da shi a gwanjon garinsu ya taɓa ni, zan biya har kuɗin aikowa.

Ga maman yara nan tana kira, karo na uku. Na fatalwar dai ba zan kunna shi yau ba, gobe ina da fitar asuba kuma garejinmu ba wuta.