Mai neman a kalle shi da mai gudun ido: hira kan wasan dirag

HADIZA: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce, ga Malam Sani a gefena, ga kuma Nura da yake ta ɓata rai tun da ya ji batun yau.

NURA: Yaya Hadiza, ba ɓata rai ba ne. Duk zantukan duniya sun ƙare ne sai na maza masu shigar mata?

HADIZA: Kai fa ka turo mana bidiyon, kana tambaya wai wannan kuma wace irin gasa ce.

NURA: To ai na tambaya ne, ban ce a kawo shi shiri ba.

MALAM SANI: Tambayarka ce ta jawo, sai ka haƙura. Amma bari mu share fage tukuna. Hukuncin namiji ya kwaikwayi mace ko mace ta kwaikwayi namiji ba ɓoyayye ba ne a wurinmu, hadisin Ibn Abbas yana nan cikin Bukhari, yara ma sun san shi. Ba fatawa muka zo bayarwa ba. Abin da ke gabanmu shi ne wani wasa da ya cika talabijin ɗin Amurka da Ingila, da kuma wasu maza masu sa kayan mata ba don wasa ba, waɗanda kowa ke ɗauka tafiyarsu ɗaya da masu wasan, alhali su da kansu ba haka suke gani ba.

HADIZA: Wasan shi ne dirag. Namiji ne, galibi, zai shafe sa'o'i a gaban madubi. Abu na farko, ya shafe girarsa da gam irin na liƙe takarda, ya danne gashin ya kwanta, ya bi da hoda har ta ɓace, sannan ya zana sabuwar gira can sama kusan tsakiyar goshi. Ya yanko soso irin na kujera ya yi ƙugu da shi, ya ɗora dogayen safa a kai ninki-ninki don kada a ga gefen soson. Gashin kanti kuwa wani lokaci biyu ake haɗawa don ya yi tsiri. Sai ya hau dandali, a saki waƙar wata shahararriyar mawaƙiya, shi kuma yana motsa baki kamar shi ke rerawa, yana rawa, yana tsokanar 'yan kallo. Su kuma suna miƙa masa takardun dala ɗai-ɗai.

NURA: Liƙi ke nan.

HADIZA: Liƙi sosai. In an tashi ya wanke fuska, ya zura wandonsa ya tafi gida. Sana'a ce.

MALAM SANI: Kuma namiji a matsayin mace a kan dandali tsohon abu ne. A Ingila ta zamanin Shakespeare ba a barin mace ta hau dandali, samari ne ke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 aka fara ganin mata. A Japan hukuma ta hana mata wasan kabuki a 1629, maza suka gaji gurbinsu, har yau kuma akwai ƙwararrun da aikinsu ke nan. A Sin, ɗan wasa Mei Lanfang ya yi sunan da ya kai har Amurka da Rasha da fitowa a matsayin mace. Wannan reshe ɗaya ne. Ɗaya reshen ya fito ne daga baƙaƙen Amurka. Akwai William Dorsey Swann, wanda aka haifa cikin bauta, yana shirya bukukuwan maza masu shigar mata a ɓoye a Washington a shekarun 1880, 'yan sanda suna kai musu samame. Daga baya abin ya yi ƙarfi a unguwar Harlem ta New York, a tsakanin masu neman jinsinsu.

NURA: To ya aka yi ya fito daga ɓoye ya shiga wayata?

HADIZA: RuPaul, wani mai dirag ɗan Amurka. A 2009 ya fara gasarsa a wata ƙaramar tasha mai suna Logo, kyautar zakara dala 20,000. Yanzu shirin yana MTV, kyautar ta kai dala 200,000, an buɗe masa rassa a Birtaniya da Kanada da Sifen da Faransa da Filifin. BBC ce da kanta ta ɗauki na Birtaniya a 2019. Abin da a da sai ka shiga mashaya da tsakar dare za ka gani, yanzu ana kallonsa a falo.

NURA: Na ji. Amma su waɗancan ɗin da Malam ya ce ba tafiyarsu ɗaya ba, ni fa ban ga bambanci ba. Namiji ya sa rigar mace, namiji ya sa rigar mace.

MALAM SANI: A nan zancen yake. Ka ɗauki wani mutum, a ce injiniya ne ko direban babbar mota a Ohio, da matarsa da 'ya'yansa, mata yake sha'awa ba maza ba, ba kuma neman sauya jinsi yake yi ba. Amma tun yana yaro akwai wani abu da ke jan sa zuwa ga kayan mata. Yana da jaka ɓoye a bayan gareji. Ranar da gida ba kowa sai ya ɗauko ya sa, ya zauna ya sha shayi, kafin a dawo ya mayar. Babu mai kallo, babu mai tafi, babu ko sisi. Da yawansu sukan ba da labarin yadda kunya ke taso musu su tattara kayan kaf su zuba a bola, su rantse sun daina, bayan 'yan watanni su koma saye.

HADIZA: In kuma ya yi ƙarfin halin fita waje, burinsa kada kowa ya ɗaga kai. Zai shafa jan abu a haɓa don ya kashe duhun gemu kafin ya sa hoda, ya sa takalmi maras tsini, riga irin ta kowace mata mai shekarunsa. Shi mai dirag kwalliyar amarya ce ranar dina, an ninka ta goma. Wannan kuwa shigar zuwa cefane yake nema. In ya shiga kanti ya fito ba wanda ya waiwaya, ranar ya ci riba. Mai dirag in ba a waiwaya ba, ya yi asara.

NURA: To ai sai su ji daɗi, tunda ga 'yan uwansu sun yi suna.

MALAM SANI: Kalmar 'yan uwan nan ce da yawansu ba sa so. Akwai Virginia Prince, masanin harhaɗa magunguna a Los Angeles, wanda ya fara fitar da mujalla don irin waɗannan maza a 1960, ya kafa musu ƙungiya, wadda a 1976 ta zama Tri-Ess. Sharaɗin shiga a fili yake: ta maza ce masu sha'awar mata, ban da masu neman maza, ban da masu son a yi musu tiyatar sauya jinsi. Me ya sa? Saboda matan aure. Tambayar farko da mace ke yi in ta gano jakar nan ita ce, ashe maza kake bi? Ta biyu, mace kake son zama? Shi kuma ya rasa yadda zai ce ko ɗaya ba haka ba. To yau ka ƙara mata da talabijin. Hoton da ke kanta shi ne ƙato mai gashi har rufi yana ashar yana birgima a dandali, ta juya ta dubi mijinta.

HADIZA: Kuma a shekarar da Prince ya rasu, 2009, a ita gasar RuPaul ta fara.

MALAM SANI: Haka ne. A Birtaniya ma suna da tasu, Beaumont Society, tun 1966. Tarukansu shayi ne da hira, wani da matarsa yake zuwa.

HADIZA: Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne hotunan Casa Susanna. Wani gidan hutu ne a tsaunukan Catskill na jihar New York, inda irin waɗannan maza ke zuwa ƙarshen mako a ƙarshen shekarun 1950 da cikin na 1960. An tsinci hotunan a kasuwar gwanjo, aka buga su a 2005. Nura, in ka gani za ka yi mamakin rashin armashinsu. Ga wata zaune tana wasan haɗa kalmomi, ga wata riƙe da kofi a bakin ƙofa, ga wasu a teburin cin abinci da 'yar sarƙa a wuya. Mafi yawa shigar matar gida ce ta wancan zamani. Mutum ya tuƙo mota daga nesa, ya yi kasadar rasa aikinsa da aurensa, don kawai ya zauna ya zama ba kowa ba.

NURA: Wannan kam da ban tausayi, ko da mutum bai yarda da abin ba. Amma Malam, ka nuna kamar dukkansu haushin masu dirag suke ji.

MALAM SANI: A'a, ban ce duka ba. Akwai masu cewa da ba don mashayar da ake dirag ba, da ba su taɓa taka ƙafa waje da kayan ba, don nan ne kaɗai ba mai zare musu ido. Kuma dabarun kwalliyar, rufe gemu da gyaran ƙugu, yawanci a wurin masu dirag ɗin suka koya, yanzu ma a YouTube. Akwai kuma masu kallo su yi dariya kamar kowa, su ce wasa ne, ba ruwansa da ni. Sai kaso na uku masu cewa ana mayar da abin da ke ci musu rai abin barkwanci, kuma dariyar da aka saba yi a dandali ita ake biyo su da ita a titi.

HADIZA: Wasu mata ma suna da wannan ƙorafin ta wata fuskar. Suna cewa wace mace ce take haka? An ɗauki ƙirji da ƙugu da tsiwa da gulma an kumbura, an ce ga mace. Masu dirag kuma su ce ba mace suke wa ba'a ba, ƙa'idojin da aka ɗora wa mace suke wa. Ni dai wannan amsar ba ta gamsar da ni a kowane wasa ba. Wani in ka kalla gwaninta ce zalla, ɗinki da rawa da iya magana. Wani kuwa raini ne kawai aka shafa wa hoda.

NURA: Yaya, ke da kika zauna a Ingila, kin taɓa shiga?

HADIZA: Mashaya ban shiga ba. Amma na raka abokiyar aikina da yaranta wasan da suke yi lokacin Kirsimeti, fantomaim. A ciki dole akwai wata tsohuwa mai baki, kuma al'ada namiji ne ke fitowa a matsayinta, da muryarsa ta maza ko sirantawa ba ya yi. Kakanni da jikoki suna ta shewa. Waɗannan mutanen da suka biya kuɗi suka yi tafi, in washegari maƙwabcinsu ya fito da siket zai shiga bas, wasunsu kujera za su canja.

MALAM SANI: Ai ba sai mun je Ingila ba. Tashe fa? Da azumi yaro ya ɗaura zane ya cusa tsumma a ƙirji ya fito a matsayin matar gida, yarinya ta zurma babbar riga ta zama miji, a yi dariya a ba su hatsi ko kuɗi. 'Yan barkwancinmu na intanet kuma nawa ne ke ɗaura ɗankwali su yi uwar miji? Ba mai cewa komai. Amma ɗan daudu da ke tuyar kaza a tasha, wanda yanayinsa ke nan dare da rana, matsayinsa daban ne a idon jama'a, ko da ana sayen abincinsa ana dariyar habaicinsa.

NURA: Ɗan daudu shi ne mai dirag ɗinmu ke nan?

MALAM SANI: Kada ka haɗa su. Daudu yana da nasa tarihin, da alaƙarsa da bori da sana'ar abinci da zama cikin mata, kuma da yawansu kayan maza suke sawa, magana da motsi ne na mata. Ba dandali yake hawa ya sauka ba. Na kawo shi ne don ka ga mu ma muna raba wanda ya sa don wasa da wanda abin ya zame masa rayuwa. Kai har a majalisa. A 2022 wani ɗan majalisar wakilai daga Bauci ya kawo ƙudirin hana shigar wani jinsi, ɗaurin wata 6 ko tarar naira 500,000. Amma a cikin ƙudirin an ware masu wasan kwaikwayo da nishaɗantar da jama'a, an ce ban da su. Bai zama doka ba, amma dubi inda aka ja layin.

HADIZA: A Amurka kuma sai aka ja shi a wani wurin. Tun da aka fara kai masu dirag ɗakunan karatu suna karanta wa yara labari, abin da ya faro a San Francisco a 2015, iyaye da yawa suka ce a'a, wannan wasan manya ne. A 2023 jihar Tennessee ta yi dokar taƙaita shi a inda yara za su iya gani, aka yi ta shari'a a kai. Can dandalin ne abin faɗa.

NURA: To shi mai jaka a gareji ina ruwansa? Ai ba da shi ake ba.

HADIZA: Tsoronsa shi ne ɗan sanda ko mai gadin kanti ba zai tsaya tambayarsa ko wasa ya zo yi ba. Rigimar da bai tayar ba, a kansa za ta iya sauka, shi da ko matarsa bai gama yi wa bayani ba.

NURA: Ni dai har yanzu ina kan bakana, ba abin da zan zauna in kalla ba ne.

MALAM SANI: Ba wanda ya ce ka kalla. Amma bidiyon da ka turo, wanne ne a ciki?

NURA: Mai dandali ne. Yana ta juyi da takalmi mai tsini kamar tsinken tsire, sai kawai ya yanke jiki ya faɗi ta baya, ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Na ce shi ke nan, ya karye.

HADIZA: Da gangan ne, salon rawa ne da suka gada daga bukukuwan Harlem, kuma a nan ake fi yin liƙi. Lokacinmu ya ƙare, jama'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.